Gonar Inna a Cikin Faifai

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da abokin aikina da direba, muka nufi wani ƙauye a bayan Kunci. Ƙungiyar manoman wurin ce ta kira mu. Tsohuwar kwamfutarsu ta fara ɗaukewa da kanta, kuma a cikinta rumbun bayanan iyakokin gonakinsu yake, da hotuna da sunayen shaidu, aikin shekara da shekaru. In ta mutu, shi ke nan. Sabis ɗin garin kuwa ko gaisuwa da ƙyar yake kaiwa, balle a turo wannan uban kaya ta intanet. Dole a je a ɗauko.

A Bichi muka karya da waina. Da mai wainar ta faɗi kuɗi, direba ya tambaye ta ko har da tandar ta sayar mana. Daga nan kwalta ta yi ta lalacewa har muka hau burji. Gero ya kai kafaɗa hagu da dama, gona manne da gona, iyakar ba ta wuce layin gamba ko wata kuka guda ba.

Ofishin ɗaki ɗaya ne kusa da masallaci, da sola a kan rufi. Na yi wa sakatarensu bayani, wani dattijo mai fara'a. Fitar da bayanan layi-layi zai ci kwanaki, don haka fayilolin ajiyar za mu kwafe ɗungurungum zuwa faifai, kamar a ɗauki buhu a ɗinke maimakon a auna da kwano. Sharaɗi ɗaya ne: a rufe rumbun, kada a taɓa shi sai an gama. Ya ce to. Na rufe, na sa kwafi, muka tafi sallar azahar, aka tsare mu da ɗanwake.

Da muka dawo sai ga rumbu a buɗe, sakatare na ta buga rubutu, wata tsohuwa zaune a tabarma da shaidu biyu. Wallahi raina ya ɓaci. Kwafin ya lalace, rabi tsoho rabi sabo, ga hadari ya haɗo, batir na ja baya.

"Malam, Inna ce fa," in ji shi. "Da ƙafa ta tako a rubuta iyakar gonar da mijinta ya bar mata. In ce mata ta jira na'ura?"

Kunya ta kama ni. Na bari ya ƙarasa, sannan muka sake daga farko, abokina ya rungume allon rubutun kwamfutar a cinya kamar jariri, kada wani ya taɓa. Kwamfutar na gurnani, mu muna salati. Bayan la'asar kwafin ya kammala, yayyafi na farawa.

Muka iso gida lafiya, faifan a aljihun rigata. Washegari na ɗora fayilolin a sabon rumbu, ya buɗe lafiya lau. Ban tashi daga kujera ba sakatare ya bugo, wai tun safe suke fama, kwamfutar ta ƙi tashi.

Na tafi koya wa mutane ƙa'idar aiki, kuma har gobe ƙa'idar tana nan, ba a rubutu ana kwafi. Amma na gangara ƙarshen jerin gonakin a sabon rumbun na duba. Sunan Inna ne na ƙarshe, da kukar iyakar gonarta da shaidunta biyu. Da dattijon nan ya bi maganata, da babu ita.