Ranar da Na'ura Ta Ƙi Hannun Arɗo

Akwai wata Laraba cikin bazara wadda na san har in koma ga Allah ba za ta fita raina ba. Shekaru sun ja, na yi aure, na haihu, na sake wurin aiki sau biyu, amma ko yau aka ce in ba da labarinta zan kawo shi tiryan-tiryan, har da zafin da ake yi da ƙishin da na ji.

Lokacin ban daɗe da dawowa Dakoro ba daga Maraɗi, inda na koyi aikin ordinata, wato kwamfuta. Sai aka zo neman matasa da za su shiga ƙauyuka rajistar jama'a, irin wadda ake ɗaukar hoton mutum da zanen yatsunsa a yi masa kati. Aka yi mana horo na kwana uku a wani ɗaki mai sanyi. Wanda ya koya mana daga Yamai ya zo, mutum mai fara'a. Ya nuna mana ɗan gilashin da ake ɗora yatsa a kai: in koriyar fitila ta kama an karɓa, in ja ce a sake. Muka yi ta gwadawa a junanmu muna dariya. Duk yatsunmu na masu riƙe alƙalami ne, ba wanda na'urar ta ƙi.

Mu uku aka tura: ni, da direba, da shugabanmu, wani tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, da kowa ke kira Mushe. A sati na biyu muka sauka wani ƙauye arewa da Dakoro, a kan hanyar Azagor, daidai inda gonakin gero suke ƙarewa dajin kiwo ya fara. Babu kwalta sai yashi, babu wuta, rezon waya kuwa sai ka hau wani tudu mai nisa kafin wayarka ta samu. Aka ba mu aji ɗaya na laka mai ƙofa guda a makarantar ƙauyen. Muka shimfiɗa farantin hasken rana a waje, na ajiye akwatin na'urar kan tebur, na zauna.

Abin da ban sani ba, kuma ban tambaya ba, shi ne garin yana da tabon da bai warke ba. A daminar da ta wuce manoma da makiyaya sun yi faɗa kan burtali, wato hanyar da dabbobi ke bi tsakanin gonaki, har an fasa kawuna. Ga zaɓen ƴan majalisar gunduma yana tafe. Ƙanen maigari ya tsaya, su ma makiyayan sun tsayar da nasu a karon farko. Wanda ba shi da kati kuwa ba shi da ƙuri'a. Ni dai na zo da akwatina, a ganina aikina latsa maɓalli ne kawai.

Da safe mutanen gari suka yi layi, aiki ya tafi lami lafiya. Mutum biyu kaɗai na'urar ta ƙi, ɗaya daga cikinsu wata tsohuwa ce, yayar maigari. Maigarin ya ji kunya, ya matso ya ce mini ƙasa-ƙasa in bar zancen tsakaninmu, za ta dawo in mutane sun watse. Na ce to.

Makiyaya ba su iso ba sai bayan azahar, don sai da suka gama shayar da dabbobi a rijiya. Suka zo da yawa, maza da mata, wasu a kan jakuna. Suka sa shugabansu a gaba, Arɗo, dogon tsoho mai sanyin magana. Na ɗauki sunansa, na ɗauki hoto. Na ce ya ɗora yatsa. Fitila ta kawo ja. Na goge gilashin, ya sake. Ja. Muka bi yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya kama. Na ce, "Baba, ɗan zauna can gefe, za mu sake gwadawa."

Na biyu ya zo, ja. Na uku, ja. Har na bakwai. Na'urar tana da wata ƴar ƙara da take yi in ta ƙi mutum, kuma kowa a layin ya riga ya gane ta. Duk ta yi sai surutun waje ya ƙara raguwa, har ya zama ban jin komai sai ita da kukan wani jaki.

Wani magidanci mai baƙin rawani, ɗan'uwan ɗan takarar makiyayan, ya ratso layi ya tsaya a gabana. Bai ɗaga murya ba, shi ya sa ma na fi jin tsoro.

"Malama, tun sahe mutanen gari nawa akwatin ga ya amsa?"

Na faɗa masa.

"Mu kuma ko guda. Tun a kasuwar Dakoro aka hwaɗa muna an karanta mishi waɗanda za shi amsa da waɗanda za shi ƙi. Mu muka ce ƙarya ne, muka baro bisashenmu muka taho."

Nan Mushe ya miƙe, ya gyara gilashin idonsa. Mutumin kirki ne, Allah ya ji ƙansa, amma ya saba magana da ɗalibai. Ya ce, "Ku saurara. Na'ura ba ta san kowa ba, kuma ba ta ƙarya. In ta ƙi mutum, to matsalar daga wurin mutumin take."

Da bai faɗi haka ba. Maganar ta fita waje tana canza kama daga baki zuwa baki, kafin ta kai ƙarshen layi ta zama wai an ce su ba ƴan ƙasa ba ne. Mutanen da kakanninsu suka haƙa wasu rijiyoyin yankin! Na ji hayaniya ta tashi da Fulatanci, mata suna janye yara. Mushe ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ya ce zai je tudu ya kira manyanmu a Dakoro. Ya shiga mota da direba suka tafi. Har yau ban san ko ya yi tunanin cewa ni kaɗai ya bari ba.

Mai baƙin rawani ya ce, "To shi ke nan. Tunda mu ba mu shiga, su ma a hidda su. Ki goge na sahe duka, ko kuwa mu goge da kanmu."

Wannan maganar ta kai kunnen mutanen gari. Kafin ka ce me, sun fito, wasu da fartanya, wasu da taɓare, suna cewa ba mai taɓa akwatin da sunayensu ke ciki. Makiyaya kuma kowa da sandarsa, na ga mutum biyu da takobi a kafaɗa. Suka cika bakin ƙofar ajin, waɗannan a dama, waɗancan a hagu, hasken da ke shigowa ya ragu. Tagar ɗakin ko kaina ba zai shiga ba. Na tuna innata, wadda ta ce kada in karɓi aikin nan na shiga daji, na ce mata ai zama ne kawai a kan kujera. Gumi ya jiƙa mini hijabi, harshena ya bushe. Ordinatar ma ta ɗauki zafi, tana ta hura iska kamar za ta mutu.

Arɗo yana nan zaune inda na ajiye shi, kan bencin yara, gwiwoyinsa sun kusa kai haɓarsa. Ya ɗora hannayensa kan gwiwa, tafin yana kallon sama, yana duban su kamar yana tambayarsu laifin da suka yi. Sai a lokacin na lura cewa tun da na fara aikin nan ban taɓa kallon hannun kowa ba. Allon na'ura nake kallo, sai fitila. Kuma ni mace ce, ban saba ƙura wa hannun namiji ido ba.

Na taso, na durƙusa a gabansa. Na ce, "Baba, don Allah in ga hannunka."

Ya miƙo. Tafin ya yi kanta, yatsun sun yi sumul kamar bayan ƙwarya, sai tsage-tsagen bushewa. Babu zane ko kaɗan. Na ce, "Baba, mi ya cinye maka yatsu haka?"

Ya ce, "Igiya, ɗiyata. Rijiyarmu gaba arba'in ce da wani abu. Raƙumi ka jan guga, amma hannu ka tare igiya. Tun watan da tabkuna suka ƙahe muke bisa wanga aiki, sahe da marece."

Na gane. Amma ganewata ba za ta sauke sanda ko ɗaya ba, sai sun gani da idonsu. Na miƙe na nufi ƙofa, na hango maigari cikin mutanensa. Na ɗaga murya na ce, "Ranka shi daɗe, ina roƙon a kira mini Inna yayarka, wadda na'ura ta ƙi da safe."

Maigari ya dube ni da idon da ya ce ai mun yi alkawari. Na san na tona abin da ya ce in rufe, kuma in ya musa, ni ce maƙaryaciya a gaban kowa, ba ni da mai tsaya mini. Ya dubi fartanyoyin, ya dubi sandunan. Sannan ya juya ya ce, "A kira ta."

Tsohuwar ta zo tana mita, wai an taso ta daga sussuka. Aka buɗa mata hanya. Na juya allon ya fuskanci ƙofa don kowa ya gani. Ta ɗora yatsa, fitila ta kawo ja, ƴar ƙarar nan ta tashi. Ta ce, "Ai na hwaɗa miki tun sahe, abin ga bai sona." Wani ya yi dariya a baya, ya haɗiye ta.

Na ce da mai baƙin rawani, "Yaya, cikin mutanenku wa ke nan da ba ya jan ruwa?"

Ya kira malaminsu, wani ramammen dattijo mai koyar da allo a ruga. Da malamin ya miƙo yatsa, addu'a nake a zuci, don in ta ƙi shi ma, ban san abin da zan ƙara cewa ba. Na'urar ta yi ɗan jinkirin da ta saba. Sai kore.

Ba wanda ya yi shewa. Mutane dai suka fara juya tafin hannunsu suna dubawa, manomi da makiyayi, kowa yana shafa yatsunsa. Yayar maigari ta kama hannun wata Bafillatana da ke kusa da ita, ta kara da nata, ta ce, "Ke ma taɓarya da guga sun gama da ke." Bafillatanar ce ta ce bari ta gwada wani abu. Ta ɗauko man shanu daga ƙwaryarta, aka kawo ruwa a kwano. Mutum ya jiƙa hannu, ya shafa man, ya goge tas, sannan ya ɗora. Muka gano ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun fi rage zane. Na'urar ta karɓi wasu da dama. Wasu kuwa ta ƙi su ƙememe, cikinsu har da Arɗo.

Mushe ya dawo gab da la'asar, bai samu kowa a waya ba. Ya tarar ina rubuta sunayen waɗanda suka rage da hannu, a takarda biyu. Na ba Arɗo ɗaya, na ce zan dawo. Mai baƙin rawani ya ce, "Kowa haka yake cewa." Ban ga laifinsa ba.

A Dakoro na kwana biyu ina zarya kafin wani ya nuna mini cewa a cikin na'urar akwai wurin da ake rajistar wanda ba shi da zanen yatsa, sai dai sai babba ya sa lambar izini. Yana nan tun farko. Ba a koya mana ba, don a kwana ukun nan ba wanda ya kawo cewa za a buƙace shi. Kafin izinin ya fito, a samu mota da mai, an yi sati biyu. Da na koma na tarar da Arɗo yana jirana, ya ƙi bin dabbobinsa. Na yi masa rajista, shi da yayar maigari da wasu. Amma mutum tara daga cikin takardata sun riga sun yi arewa neman ciyawa. Ban same su ba, kuma ba su yi zaɓen shekarar ba. Takardar tana wurina, ban iya yar da ita ba.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, na'ura ba ta sauka a fili, cikin mutane take sauka, da rijiyarsu da sana'arsu da tsohon faɗansu da tsoron da ke ransu. Wanda ya ƙera ta bai san zurfin rijiyarmu ba, ba kuma za a kama shi da laifi ba. Ni da na ɗauko ta, aka haife ni a Dakoro, ni ya kamata in sani. Yanzu duk garin da aiki ya kai ni, ba na buɗe akwati sai na zauna da mutanen wurin na tambayi lokacin da suke shayar da dabbobi, da wanda ba ya ga maciji da wani, da abin da suka ji ana faɗa a kasuwa game da mu. In na'ura ta ƙi mutum kuwa, ba na cewa ya koma gefe. Ita nake fara tuhuma.