Hannun da Ke Tallafe Kan Tangaɗi

Kafin likita ya iso, Baba Mai Riƙo ya riga ya wanke kejin da ke bayan asibitin dabbobi, ya shanya tsummoki, ya kifa bokiti ya zauna. Shara aka ɗauke shi yi, da riƙe dabba in za a yi mata allura. Tangaɗi kuwa shi ya ɗora wa kansa.

Tangaɗi kare ne da ya gaji ciwon ƙwaƙwalwa daga iyayensa. Tafiyarsa sai layi, kansa kullum rawa yake yi, in ya nufi kwano sai ya buga baki a ƙasa. Mai shi da ya ji likita ya ce ba ya warkewa, sai ya ce bari ya ɗauko abu a mota. Har yau yana ɗaukowa.

Mai karɓar baƙi ta ce ta sha leƙawa ta taga, ta ga Baba ya tallafe haɓar karen da tafin hannu, ɗaya hannun a ƙeya, har ya cinye abincinsa. Yana yi yana ba shi labarin marigayiya matarsa, da 'ya'yan da suka yi nisa, waya ma sai sun ga dama. Da rana shi kaɗai yake cin abincinsa a gindin famfo, abokan aiki na tsokanarsa wai warin kare yake yi. Yakan yi dariya, amma wallahi abin na cinsa.

Baba, kai ne ka bi mai uwar karen har gida, ka roƙe shi kada ya sake barinta ta haihu, ya rufe maka ƙofa. Kai ne ka yi ritaya watan jiya, ka so ka tafi da Tangaɗi gida, mai gidan da kake haya ya ce ba kare a gidansa. Tangaɗi kuma ya ƙi ci a hannun kowa, don gaggawa suke yi, suna matse masa wuya. Sai ga ka kullum da safe, kana jan gwiwa. Likita ya ce ka je ka huta.

"Likita, in na huta, shi da yunwa zai wuni," ka ce. "Ni ma fa a gida ba mai jirana."

Mun gode, Baba, Allah Ya saka da alheri. Ku kuma masu karatu, gwiwoyin Baba sun fara ƙi. Mai haƙuri a cikinku ya zo ya zauna kusa da shi, ya koyi riƙon tun yana iya nunawa. Ranar da Baba ya kasa zuwa, a samu hannun da Tangaɗi ya riga ya sani.