Mikail da Kaset ɗin Malam Mala

"Ai ba mutuwa ta yi ba, Hajiya," in ji Mikail. "Tsayawa ta yi. Ga fitilarta nan a kunne."

"Ni dai ban ga bambancin ba," Hajiya Falmata ta ce daga bakin ƙofar zaure. "Ba ta motsi, ba ta magana. Ko sai mun kira masu wanka?"

Mikail ya yi murmushi, amma bai ɗago kai ba. Yana tsugune gaban kwamfutar, a zauren mahaifinta, marigayi Malam Mala, da ke unguwar Sheshe, daidai inda malamin yake shimfiɗa buzunsa lokacin yana raye.

Mikail ɗan Goron Dutse ne. Mahaifinsa gyaran rediyo yake yi, a gabansa ya koyi riƙe sukundireba tun kafin ya gama sakandare. Da rediyo ta ja baya sai ya koma kwamfuta, ya buɗe ɗan shago a Shahuci. An san shi da rashin gaggawa. Idan aka kawo masa na'ura, sai ya saurari mai ita har ya gama ƙorafi, sannan ya kara kunne ya saurari na'urar. Wannan halin ne ya sa iyalan Malam Mala suka ba shi aikin da ba su yarda su ba kowa ba.

Malamin asalinsa mutumin Borno ne, ya shekara da shekaru yana tafsiri a wannan zaure, ɗalibai suna ɗauka a kaset. Bayan rasuwarsa aka tara kaset ɗin buhu guda, wasu har sun fara cin zare. Mikail ya yi watanni yana juye su cikin kwamfuta ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama, Alhaji Ɗahiru, babban ɗan marigayin, ya ce abin da ke ɗauke da ayoyin Alƙur'ani ba a jefa shi a bola, ba a kuma barin ɓera ya yi wasa da shi. Aka naɗe kaset ɗin a farin ƙyalle aka binne a bayan gida, kamar yadda ake yi wa tsofaffin takardun karatu. Ba wanda ya tambayi Mikail, don ba wanda ya ga abin tambaya a ciki. Girmamawa suka yi. Damina ta zo ta wuce a kansu, wata ma ta biyo.

Muryar Malam Mala ta rage a faifan ajiya guda ɗaya tak, na cikin kwamfutar.

Wannan ne ya hana Mikail sukuni da ya ji labari. Ya zo da niyyar sa wa kowane karatu sunansa, ya kwafe su a wani faifan. Sai ya ga aikin yana jan ƙafa, ya sabunta manhajar kwamfutar don ta ƙara sauri. Ta kuwa ƙara. Ta yi ta gudu kamar ba ita ba, can a tsakiyar aiki ta ƙame. Ya kashe ta da ƙarfi ya kunna, ta sake ƙamewa. Da ba ya nan, Alhaji Ɗahiru ma ya zare wayar wuta ya mayar, ko za ta farfaɗo.

Da farko Mikail ya zargi zafi, ya kawo fanka. Ya zargi wayoyin ciki, ya canza su. Ya gwada faifan, ya same shi lafiya lau. Sai da ya haƙura ya zauna yana ba ta aiki kaɗan-kaɗan, sannan ya lura cewa ba ta tsayawa sai an haɗa mata karantawa da rubutawa a lokaci guda. A cikin manhajar akwai sashen da ke jera ayyukan faifai a layi. Tsohon tsarin yana bin su yadda suka zo. Sabon, don neman sauri, yana tsallakar da wasu gaba. A nan ne ayyuka biyu suka sarƙe: ɗaya ya riƙe fayil yana jiran a gama rubutu, rubutun kuma yana jiran a saki fayil ɗin.

Da Hajiya ta nemi bayani, ya kwatanta mata da dattawa biyu a ƙofar zaure, kowa yana cewa ɗan'uwansa bismillah ya fara shiga, har rana ta faɗi ba wanda ya shiga. Ta yi 'yar dariya, ta ce mahaifinta da limamin unguwa sun sha yin haka.

Ya mayar da tsohon tsarin layin. Kwamfutar ta koma tafiyarta ta da, a hankali, ba ta ƙara tsayawa ba. Amma duk lokacin da aka kashe ta da ƙarfi a baya, karatun da take tsakar rubuta wa suna ya lalace. Mikail ya riga ya duba, ya san waɗanda abin ya shafa.

"Sa min karatun rufe tafsirin azuminsa na ƙarshe," in ji Hajiya. "A nan ya yi wa mahaifiyarmu addu'a, ya kira sunayenmu ɗaya-ɗaya da yaren Barebari. Shi kaɗai nake so in ji."

Mikail ya nemo karatun. Sannan ya danna. Muryar tsohon ta cika zauren, ya yi bismillah, ya yi gyaran murya, ya ce a matso gaba akwai wuri. Daga nan sai ƙara kamar ana yaga ƙyalle, sai shiru. Layin da ke nuna tafiyar karatun ya ci gaba da tafiya, ba komai a cikinsa.

"Zai dawo?"

"Ba na jin zai dawo, Hajiya. Zan gwada, amma kada ki sa rai."

Ta tambaya ko a tono kaset ɗin. Ya ce ana iya tonowa, sai dai zaren kaset ba ya jure laima, balle damina biyu a ƙasa. Ba ta ce masa laifinsa ne ba, ba ta kuma ambaci yayanta ba. Ta gyara mayafinta, ta ce ya sake sa mata farkon. Ya sa. Suka ji tsohon ya sake cewa a matso gaba akwai wuri.

Mikail ya tattara sukundirebobinsa a jaka. Ya roƙe ta kada kowa ya taɓa wayar wutar, ko da sun ga kamar ta tsaya, har sai sauran karatun sun gama kwafuwa. Ta gyaɗa kai, idonta na kan fitilar.

Ya sa takalmansa a ƙofar zaure, ya bi lungun da zai fitar da shi Shahuci, inda wata malamar makaranta ke jiransa da firintar da ta daina jan takarda.