Kihi Huɗu na Haliru

Haliru ɗan Kaltume masunci na, bakin madatsar Goronyo anka haihe shi. Shekara bakwai yay yi Ikko shina wanke akwatunan gilashi ga wani mai saida kihin ado. Da ubanai yar rasu, Allah shi jiƙanai, sai yad dawo gida yag gaji jirgin tsohon da taru. Abin da yat taho da shi daga Ikko, akwatin gilashi guda, da duwatsun teku, da buhun gishirin teku, da kihi huɗu, kowane bai kai ɗan yatsa ba.

Kihin ga ba su yawo. Tsayawa sukai cik tsakiyar ruwa, bisa bakin raminsu, awa masu jiran liman. Ka yi motsi, wuf, sun shige dutse. Haliru ka haɗa masu ruwan gishiri da hannunai, shi ruhe akwatin don suna da tsalle. In zahi ya taso shi aza masu hwankar sola, shi kuwa shi zauna cikin gumi.

To masunta suna da doka tun kakanni: ba a riƙe ɗiyan kihi. Wanda anka kama, shi maida su ruwa. In ya ƙi, a hidda jirginai tudu. Wani ya leƙa ɗakin Haliru, ya kai magana ga Yari, tsohon da ka shugabantar masuntan mashigarsu.

Bayan la'asar sai ga Yari da ƙanenai Ma'u.

Yari yac ce, "Ɗan aminina, kai ad da ɗiyan kihi ɗaki?"

"Baba, waɗanga ba ɗiya ba na. Iyakar girmansu ke nan. Mai jan wutsiyar can ya girme jikanka."

Ma'u ya kece da dariya. "In wanga babba na, to ni giwan ruwa ni ke!"

Yari bai yi dariya ba. "Shekara sittin ina su, ban ga kihin da ya ƙi girma ba. Ɗauko su mu tai ruwa."

"In sun taɓa ruwan gulbin Rima, mutuwa za su yi."

"Kihi shi mutu cikin ruwa? Mi kaka hwaɗi?"

Haliru ya ɗebo ruwan akwatin ga moɗa ya miƙa mai. Tsoho ya yi bismilla ya kurɓa, ya tohe, har da hawaye.

"Subhanallahi! Cikin gishiri kaj jiƙa bayin Allah? Ashe shi yah hana su girma! Yanzu ma za a sake su."

Haliru ya tsaya bakin ƙohwa, ya riƙe gyaffanta hannu biyu.

"Baba, ina ganin girmanka, amma ba ka wuce nan. Wanda yay yi Rima, shi yay yi teku. Ni yab ba amanarsu, ni za a tambaya gobe ƙiyama."

"To jirginka tudu."

"Ku bari, ni ka hiddo shi."

Haka anka yi. Shi ɗai yaj jawo jirgin ubanai gaban jama'a, ya kihe shi, ya naɗe taru ya kai ɗakin uwatai. Kaltume ta amshi tarun, tas sa mai albarka. Da gari yaw waye ya ba kihinai abinci, ya ɗauki hauya ya nuhi ƙauyen Kwargaba ƙwadagon dashen albasa.