Haƙoran da Ba na Wiebe Ba

A ofishin lauyoyin kyauta na birnin Leeuwarden, inda nake jiran layina, akwai wata tsohuwa da ta ƙi zama. Guntuwa ce, rigar ruwanta ja har gwiwa, mabuɗin kekenta a rataye a wuya. Tana rungume da gwangwanin biskit kamar mai zuwa barka. Ina leƙenta ta saman takarduna.

Wata lauya na fitowa, tsohuwar ta buɗe gwangwanin a gaban kowa. Haƙoran roba ne, sama da ƙasa, suna yi mana murmushi.

"Waɗannan ba na mijina Wiebe ba ne," in ji ta. "A gidan tsofaffin da yake, kwashe haƙoran kowa suke yi su wanke a roba ɗaya, da safe a raba kamar karta. Sati biyar ba ya iya tauna, sai miya. Wandonsa ma zamewa yake."

"Mama, kin gaya wa shugaban gidan?" in ji lauyar.

"Sau uku. Kofi ya ba ni, da takardar cikewa."

Ina jin irin matan nan ce da ba su taɓa yi wa kowa tsawa ba. Na tabbata ta ɗinka sunan mijinta a kowace safarsa, ba ta san har baki sai an sa wa suna ba.

"Kina da shaida?" lauyar ta tambaya.

"'Yar nan, shekara hamsin da biyu ina sumbatar mutumin nan, na san bakinsa. In alƙali yana shakka, ya zo ya gwada su a nasa."