Baitocin da Ban Rubuta Ba

Ƙarar wake yana zuba cikin kwanon silba ce ta tsayar da ni a kicin ɗinmu na Abu Hail. Haka kwanon kakata yake yi idan tana tsintar wake a tsakar gida, tana rera waƙoƙin wa'azin da ta koya wurin 'yan taru, matan da ke haɗuwa suna koyon addini da waƙa. Ba ta riƙe takarda, duk suna kanta.

Wani hutun makaranta ta ce mini, "Ƙawata, ɗauko biron nan naki ki rubuta, kada in tafi da su."

"Haba Inna, ina za ki? Sai hutu mai zuwa."

Ta yi dariya, bakinta jawur da goro.

Hutun ya zo ya wuce, aure ya kawo ni Dubai. Shekarar korona ta rasu, jirage ba sa tashi, ko gaisuwa ban je ba. Allah Ya haskaka kabarinta, Ya yafe mini sakacina.

Ban ankara ba na ji ina rerawa. Baiti biyu na yi, na uku ya ƙi zuwa. 'Yata Hanan, mai shekara shida, ta ja mini zane.

"Umma, ci gaba mana. Ina sauran?"