Ranar da Babbar Kwamfuta Ta Yi Kasaru

Yanzu jikata tana yawo da waya a tafin hannu, wai ta fi tsohuwar kwamfutarmu ƙarfi. A shekarun da aka fara shari'a a Kano kuwa, babbar kwamfutar kamfaninmu mai jigilar alhazai ɗaki guda ta cinye a Nassarawa GRA, akwatuna a jere, kowanne ya fi ni tsawo. Na ga irinta a Jidda da Alƙahira, duk cikin ƙoshin lafiya. A gida ne na ga abin da take iyawa idan ta raunana.

Wata Juma'a da hantsi faifan ajiyarta ya mutu, ga jerin fasinjojin jirgin Asabar ba a buga ba. Filin jirgi ba sa karɓar jeri bayan la'asar. Cikin fasinjojin har da direbana, dattijo ɗan Jigawa, wanda sau biyu kujera tana wuce shi.

Injiniyanmu, mutumin Tudun Murtala, ya tashe ta da zuciyar tsarinta kaɗai, ya rufe mata sadarwa da sauran hidimomi, ya zuba mata sunayen daga kaset ɗin ajiya.

"Alhaji, kai matafiyi ne," in ji shi. "Kasaru za ta yi, farilla kawai. Amma komai a ka ta riƙe shi. Wuta na ɗaukewa mun koma farko, kuma mun makara."

A kan janareto muke tun safe. Al'adarmu kuwa, duk Juma'a mai janareto yana kashe shi da ƙarfe ɗaya, ya kulle, kowa ya tafi masallaci. Ya ce ba ya barin inji ba mai tsaro.

Hajiya mai buga takardu ta miƙa hannu. "Ku tafi. Ni Juma'a ba ta wajaba a kaina ba. Kawo makullin."

"Hajiya, kin ma san inda ake duba mai?" in ji mai janareto.

"Shekara nawa ina tayar da na gidana, maigida na riƙe min fitila?"

Da muka dawo, tun daga bakin ƙofa na ji na'urar bugawa tana ta tsinkar takarda. Na tsaya a gaban akwatunan, rabinsu duhu. Abu ne da aka raba shi da kusan komai, amma ya san abin da ya wajaba a kansa, ya kuma yi shi ba kuskuren harafi ɗaya. Na bi jerin da yatsa har na iske sunan direbana.

Ya sauke farali a shekarar. Daga ranar ba a sake kashe janareto ranar Juma'a ba, makullin kuma ya zauna a jakar Hajiya.